Rasuwar Teburin Fadarmu a Hannun Idris

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙasanta da ya fi baƙin ciki zafi, ni Abdurrazak na Tamaske nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar teburin fadarmu ta zaman hira da shayi, wanda ajali ya riske shi ranar Laraba a rumfar wani kafinta.

Marigayin katakon banza ne sa'ad da muka tsince shi bayan lakwal, wato makarantar boko. A kansa muke wasanmu bayan la'asar: ni nake riƙe da labari, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a wata ƙasa da muka ƙirƙira mai suna Tarbaza, 'ya'yan lido kuma su yanke hukuncin wa ya tsira, wa ya faɗi. Dokarmu ɗaya ce. Duk abin da ya faru a wasa sai a zana shi a jikin teburin da ƙusa mai zafi, abin da aka zana kuwa ya zauna ke nan. Kogin Tarbaza yana kansa, da duwatsunta, da kaburburan jaruman da suka mutu. A kusurwar dama akwai wani gari mai rijiya da gawo, wanda ƙanena Faruƙ ya zana da hannunsa kafin zazzaɓi ya ɗauke shi.

Marigayin mai haƙuri ne, ya sha zafin butar shayi bai taɓa kuka ba sai ɗan ƙiii idan aka jingina da shi, da ƙwas-ƙwas idan lido ya sauka. Bai taɓa yi wa kowa shaidar zur ba, kuma gaskiyar nan tasa ce ta kashe shi.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga Abijan, inda abokin wasanmu Idris ya tafi ci-rani. Can ya shiga ba da labarin Tarbaza a saƙon murya na WhatsApp, jama'a suka yi ta turawa har Keita da Garhanga. A bakinsa jaruminsa Bagaje yana raye yana cin garuruwa, alhali kowa a fada ya ga ranar da Bagaje ya faɗa rijiyar garin Faruƙ, aka zana kabarinsa. Saboda haka a labarin Idris babu rijiya, babu garin ma gaba ɗaya. Da muka yi magana sai ya ce na tebur daban, na waya daban, kowa ya faɗi nasa yadda ya ga dama. Duk wanda ya zo da gardama daga kasuwa, mukan nuna masa teburin ya tafi da kunya.

Da Idris ya zo Sallah, ya ga ƙafar marigayin ɗaya tana rawa, ya roƙi alfarmar kai shi gyara. Na yi masa godiya har da addu'a. An dawo mana da shi an kankare fuskarsa sumul, an shafe da shuɗin fenti. Na laluba kusurwar dama da yatsa ban ji komai ba.

Marigayin ya bar ƙafafu huɗu, ɗaya har yanzu tana rawa, da 'ya'yan lido marayu, da abokin wasanmu Zali wanda ya ƙi cin tuwo, da ni da ban yafe ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a fada. Iyalan mamacin sun karɓi fatawar Idris cewa kowa ya faɗi nasa. Don haka daga sadakar uku zan fara tura nawa saƙon ga duk masu sauraronsa, har surukansa na Buza. A nawa labarin Bagaje yana raye kamar yadda Idris ya so, jaki ne mai ɗaukar albasa, kuma kullum sai ya kai kaya garin Faruƙ ya durƙusa ya sha ruwa a rijiyar.

Ɓawon katakon da na kwaso daga rumfar kafinta za a binne shi a gindin gawon bayan gidanmu, sai guntu ɗaya mai zanen rabin bakin rijiya, wannan kam innarmu ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Ana gayyatar Idris. Shi zai yi wa inna bayani.