Ranar Da Ƙarfe Ya Ƙi Hujewa

Ko zan manta da komai, ban da ranar da Malam Iro mai walda ya zo gwada ni.

Da na yi ritaya sai na mai da garejin gidana a Malali wajen aiki. Na sayi injin wasa ƙarfe da wani ɗan mariƙi mai kama bakin diril ya saita shi daidai a kan dutse. Kafin in wasa ko guda ɗaya, duk sahun masallacinmu sun san na zama gwani (bakina ya fi injin kaifi, wannan kam na yarda).

Labari ya kai Rafin Guza. Sai ga Malam Iro da gwangwani cike da bakunan da suka dakushe. Ya ce, "Yallaɓai, in ka iya, duk masu waldan layinmu nan za su riƙa kawowa." Wallahi ina son aikin nan, don zaman banza ya fara cina.

Na ɗaure guda a mariƙi, na wasa har yana ƙyalli. Na sa a diril na danna kan ƙarfe. Sai ƙara, sai hayaƙi, amma ko ƙwarzane babu. Na ce ƙarfen zamani ne, jabu. Na sake wasawa. Shiru. Na ce wutar yau ba ta da ƙarfi. Sau biyar ina wasa abu ɗaya, zufa har cikin ido, bakin nan ya gajarce ya koma kamar tsinken ashana. Maƙwabta biyu sun leƙo, Hajiya matata ma tana tsaye bakin ƙofa da jug ɗin zoɓo.

Malam Iro ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ara mini."

Ya karɓi diril ɗin, ya tura wani ɗan maɓalli da babban yatsa, ya danna, ƙarfe ya huje fes.

"Wasan naka lafiya lau tun na farko," in ji shi. "Diril ɗin ne ke ribas, baya yake juyawa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Hajiya ta juya ciki da sauri, amma kafaɗunta sun tona cewa dariya take yi.

Abin mamaki, ranar Asabar ya dawo da gwangwani uku. Wai mai haƙurin wasa abu sau biyar ba zai yi musu aikin gaggawa ba.

Yanzu in abu ya ƙi ci, ba na saurin neman mai laifi. Nakan fara duba ko ni ne nake juyawa baya.