Ranar da Na'urata ta Tona Mini Asiri a Gaban Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a lakol ɗinmu, wato makarantarmu ta Agiye, ba. Ina koyar da lissafi a lokacin, kuma ban fi wata uku da fara koyon rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni ba, amma har na soma tafiya kamar injiniya.

Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ce, rataye a bishiyar bedi. Mai gadinmu, Baba Nomau, shi ke buga ta tun kafin a haifi wasu malamanmu. A shekarar nan kwamitin iyaye ya fara gunagunin cewa ya tsufa, yana makara, a nemo wani. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) sai na ga damar nuna gwaninta. Na ce wa darakta zan haɗa na'urar da za ta riƙa buga ƙararrawa da kanta.

Na sayo ɗan allon lantarki a Maraɗi, na aro lasifika. Da farko na gwada makirufo, na ɗauki muryata ta daƙiƙa ashirin ina surutu. Daga baya na ɗauki ƙarar ƙarfen, daƙiƙa uku, na ɗora a kai. A zauren masu koyo na waya na tambaya ko sabon sauti yana goge tsoho. Wani ya amsa, “Eh, amma iya inda ya taka...” Daga “eh” ɗin nan ban ƙara karanta komai ba.

Ga yadda abin yake. Akwai abin da muke kira manuni, kamar yatsa ne da ke nuna inda sauti ya fara a ƙwaƙwalwar na'ura, kai kuma ka faɗa masa iya inda zai tsaya. Ni na bar masa ashirin ɗin nan ta farko. A gida ban gane ba, domin da ƙarfe ya yi ƙara nake zare waya, kada jaririyarmu ta farka.

Ranar Litinin an taru ɗaga tuta, ɗalibai, malamai, har da shugaban kwamitin iyaye. Baba Nomau yana gindin bedi da sandarsa ta ƙarfe a hannu. Na danna maɓalli. Ƙararrawa ta buga tsaf, darakta ya gyaɗa kai, ni kuma na gyara wuyan riga. Manuni kuwa bai tsaya ba. Sai ga muryata ta cika fili: “...gwaji, gwaji. Daga yau tsoho ya je ya kwanta. Ƙarfen ma a sayar wa maƙera.” Har da dariyata a ƙarshe.

Da yaran sun yi dariya ma da na fi samun sauƙi. Na daka wa wayar wawa, na fizgo wadda ba ita ba. Kunya irin wannan ban taɓa ji ba, kuma na san maganata ce za ta iya raba mutumin nan da aikinsa.

Baba Nomau ya tako a hankali, ya leƙa na'urar. “Mushe, abin naka bai iya riƙe magana ba,” in ji shi (Mushe ake kiran malami a wajenmu). “Ni kullum ina jin abin da malamai ke faɗi a bayan darakta, ban taɓa bugawa a ƙarfe ba.”

Shugaban kwamiti ne ya fara dariya, malamai kuma kowa ya sunkuyar da kai. Daga ranar ba a sake tayar da zancen sauya shi ba.

Da yamma na je gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya sa aka kawo mini fura. Har gobe ina koyar da manuni, kuma abu na farko da nake faɗa wa ɗalibai shi ne su san inda zai tsaya. Baba Nomau ya riga ni sanin wannan, bai kuma taɓa danna ordinatar ba.