Goshin Kawu Ne Ma'auni

Wani ne a ƙauyenmu, can yamma da birnin Pago Pago. Bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba. Sau ɗaya aka sa masa hular kwano yana makaranta, ya ce numfashinsa na ɗaukewa, aka cire. Amma in ka zauna kusa da shi ranar wasa, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro abin.

Sana'arsa, in ji shi, sanin hannun mai jifan ƙwallo. Yaro zai zo wucewa, sai ya kira shi, ya kama damtsensa yana latsawa kamar mai zaɓen gwanda a kasuwa.

"Wannan bai nuna ba. Wuce."

Aikin fari ba ya yi, balle na baƙi. A gidan yayarsa Fuatino yake ci yake kwana. Ita kuwa tana da ɗa, Peniamina, muna ce masa Peni. Ƙato ne, ga shi shiru-shiru. Kun san tarbiyyar nan tamu: yaro ba ya mayar wa babba magana, ba ya ma yi masa magana a tsaye. To gogan naka ya samu abin hawa. Ran Lahadi in an dawo daga majami'a, Peni zai tsuguna yana masa fifita, shi kuma yana narkar gwaza da wutsiyar talotalo. Sai ya sauke faranti tas, ya tura wa yaro ƙashi.

"Ci, ɗana. Ƙarfi a ƙashi yake."

"To, Kawu."

Aike kuwa ba a magana. Je ka sayo taba. Mayar, ba irinta ba ce. Dawo ka sosa min baya. Har wata yarinya da Peni yake so, Kawu ya tare ta a gaban mutane ya gaya mata yaron bai daɗe da daina fitsarin kwance ba. Peni yana wurin. Abin da ya ce kawai, "To, Kawu."

A makaranta, Koci Amosa ya sa Peni a layin gaba cikin 'yan ture, masu bangaje abokan karawa, yadda ake yi wa duk yaron da ya cika ƙofa a tsibirin nan. Wata rana gogan ya ga Peni ya jefi kare da ɓawon kwakwa daga nan har tsallaken titi. Ya dafe kai.

"Ɓarna! Wallahi ana ɓarna! Wannan kwatabak ne, mai jifa, aka mayar da shi ɗan dako. Kai, kawo damtse."

Ya latsa, ya latsa.

"Ya nuna. Ƙarfi akwai. Saura saiti. Daga gobe ni zan horar da kai."

Gari ya waye, suka fita bakin teku da ƙwallo. Ba raga, ba tsohuwar taya, ba wanda zai cafe. Gogan ya ja baya, ya gyara zaninsa, ya bubbuga ƙirji.

"Ni zan tsaya. Ka auna ni."

"Kai, Kawu?"

"Ni. Tsoro kake ji?"

"A'a, Kawu."

Tim! A goshi. Sai da ƙafafunsa suka kalli sama. Ya tashi yana tangaɗi, ya shafa wurin, sai ya washe baki.

"Ka gani? Wannan shi ne hannu!"

Daga ranar suka ɗora. Peni dai da akan yi fama da shi kafin ya tashi da safe, bai ƙara makara ba. Shi yake tashin Kawun ma. Gogan ya tsaya a bayan kwale-kwale, tim. Ya hau bishiya, tim, ya faɗo. Ya laɓe a cikin ayaba, tim. Goshinsa ya koma kamar buhun gwaza. In ya zo majalisa sai ya dinga nuna mana ƙulu ɗaya bayan ɗaya.

"Turawa sai da na'ura suke auna ƙarfin jifa. Ni ga na'urata. Wannan na kusa ne. Wannan na nesa. Wannan babban kuwa iska ce ta taimaka masa."

Ana nan, sai labari ya zo: wani Mista Renfro, mai nema wa wata jami'a ta Amurka 'yan wasa, zai zo ganin Peni. A matsayin ɗan ture zai gan shi. In ya yi masa, karatu kyauta har ya gama. Wuni ɗaya zai yi, jirginsa ya tashi.

Fuatino ta kira ƙanenta. Kun san a nan ba a ja da 'yar'uwa mace. Ya zo ya zauna a tabarma, ya naɗe ƙafa.

"Ka ji ni da kyau. Bakinka da wannan shirmen jifan naka, ka bar su a gida. In yaron nan ya rasa makarantar nan saboda kai, ka nemi wata tukunyar. Ko ruwan kwakwa ba ka ƙara sha a gidana."

"Haba Yaya, ni ɗin? Ko tari ba zan yi ba."

Ranar ta zo. Fili ya cika, har Fasto ya zo da lemarsa. Peni ya yi ture, ya kwashe yara biyu kamar kayan wanki. Mista Renfro yana gyaɗa kai, ya juya zai yi wa Koci Amosa magana, sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe, asara za ka yi."

Gogan ne. Ai ba tari ya yi ba.

"Wane ne wannan?" in ji Renfro.

"Kawunsa ne," in ji Koci, yana kallon ƙasa.

"Kuma mai horar da shi," in ji gogan. "Yaron nan ba ɗan ture ba ne. Ba shi ƙwallo ka ga ikon Allah. Shekara da shekaru bai taɓa kuskure ba. Dubi nan." Ya nuna goshi.

Renfro ya dubi goshin ya daɗe. Ya ce, "Mai jifa ma muna nema, ya fi ɗan ture wuyar samu. Amma ni mutum ɗaya zan ɗauka, kuma a gurbi ɗaya. In na gwada shi a jifa, a jifa zan yanke hukunci."

"Yanke!" in ji gogan.

Fuatino tana daga gefe tana kallo. Ta dai sauke maficinta ta ajiye a cinya.

Aka fito da wani siririn yaro mai gudu, Lafaele, shi zai cafe. Koci ya hura usur. Lafaele ya zura ta dama, ya ɗaga hannu. Peni ya ja baya, ya saki. Ƙwallo ta fita tana kuka, ta bi hagu, ta wuce ta gefen kunnen Renfro, tim! A goshin Kawu.

Ya faɗi warwas.

"Ɗumi yake yi," in ji gogan daga ƙasa. "Amma ka ji ƙarfi?"

"Na ji," in ji Renfro. "Malam, ɗan matsa daga nan."

Ya matsa, ya koma can cikin 'yan kallo ya zauna bayan Fasto. Usur. Lafaele ya zura. Ƙwallo ta tashi sama, ta sauko ta tsakanin lemar Fasto da kafaɗarsa, ko rigarsa ba ta taɓa ba. Tim!

"Ya Ubangiji!" in ji Fasto. "Ɗana, tashi daga bayana, ina da iyali."

Nan fa gogan ya fara zufa. Ya waiga ya ga Fuatino tana kallonsa. Ya tuna gwaza, ya tuna wutsiyar talotalo. Ya rugo wurin Peni.

"Kai, ɗan nan! Ba ni ba! Wancan! Wancan mai gudun!"

"To, Kawu."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Kawu."

"Yauwa. Ni yanzu ɓacewa zan yi."

Ya fita daga filin gaba ɗaya. Akwai bas ɗin katako da ke ajiye a tsallaken titi, ya shige, ya kwanta a kujerar baya. Sai dai zuciya ba ta bar shi ba, ya ɗan ɗago kai ta taga don ya ga yadda za ta kaya.

Mu da ke fili ba mu ga komai ba. Mun dai ga ƙwallo ta haye katanga, ta haye titi, ta shige tagar bas. Sai muka ji tim, sai muka ji "Wayyo Yaya!"

Renfro ya cire hularsa. Ya taka da ƙafa yana auna tazara tun daga inda Peni yake har bakin katanga, ya leƙa, ya dawo yana magana shi kaɗai. Aka ɗauko gogan ranga-ranga aka shimfiɗe a ciyawa, leɓe ya kumbura, ido ɗaya ya rufe.

"Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba," in ji Renfro. "Kuma ban taɓa ganin mara amfani irinsa ba. Me zan yi da mai jifan da mutum ɗaya ya sani a duniya?"

"Sai ka tafi da ni," in ji gogan da kumburarren baki. "Ka tsayar da ni inda ake cin maki."

"Ka iya cafewa?"

"Ban taɓa gwadawa ba. Ni aunawa nake yi."

Koci Amosa ya ce ko rigar ce yaron ya saba da ita. Aka tuɓe wa gogan riga aka sa wa Lafaele. Gogan yana kwance ba riga, tumbi a sama. Usur. Tim! A cibiya.

Fuatino ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kayanka za ka tarar a bakin hanya."

"Yaya, don Allah! Yaya, wa zai ba ni abinci?"

Wallahi sai da ya ba ni tausayi, duk da dariya ta hana ni tsayuwa. Renfro ya duba agogo, ya ɗauki jakarsa. Har ya kama hanya, sai ya tsaya, ya dawo wurin Peni.

"Samari, tambaya ɗaya. Wancan yaron, za ka iya jefa masa ta shiga hannunsa?"

Peni ya zauna a ƙasa tukuna, kamar yadda aka koya masa, kansa a sunkuye.

"Zan iya, ranka ya daɗe."

"Za ka iya?"

"Ƙwarai."

"To nuna min. In ka kuskure, na tafi."

Peni ya tashi. Lafaele ya zura har ƙarshen fili. Ƙwallo ta bi shi ta sauka a tafinsa kamar an miƙa masa. Ya zura hagu, haka. Ya zura dama yana waige, haka. Renfro ya sa yara biyu su tare shi, ta ratsa tsakaninsu. Fili ya ɗauki ihu, Fasto ya jefar da lema. Renfro ya kama hannun Peni da hannu biyu, ya juya wurin Fuatino.

"Uwa, ki haɗa masa kaya. Ya samu makaranta."

Fuatino ta share hawaye, ta dubi ƙanenta a ƙasa.

"Ka ci albarkacinsa. In bakin zai buɗu, akwai gwaza a gida."

Gogan bai ma ji ta ba. Ya rarrafo, ya kama ƙafar Peni, yana kallonsa da ido ɗaya.

"Ɗan nan. Ashe ka iya? Tun yaushe?"

"Tun farko, Kawu."

"Tun farko! To don me duk yau ni kake samu? Ga yaro can yana ta gudu yana ɗaga maka hannu, me ya hana ka jefe shi?"

Peni ya durƙusa, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Kawu, shi me ya yi min?"