Rasuwar Sannu-Sannu a Bakin Ƙofar Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, malamin kimiyya na makarantar bayan kasuwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ta ce ga garinku nan ranar Alhamis da hantsi, tsakanin ginshiƙai biyu na ƙofar gidansa, bayan doguwar jinya.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai nauyi kuma. Shekara shida ke nan rabonta da tashi da makulli. Kullum da safe Malam ya riƙe sitiyari, maiɗakinsa da 'ya'yansa mata biyu da tela maƙwabcinsa su dafa bayanta su tura. Tsakar gidan taku goma sha biyu ce. A cikin takun nan take tara gudu, ya saka giya ta biyu, ya saki kuloci, ta yi "kir-kir-kir, tuf, tuf," ta kama, ta bi ta ƙofar da ƙyar kamar zare a kafar allura.

Da ita yake koyar da darasin da ya fi so, cewa ƙaruwar gudun abu tana bin ƙarfin da aka tura shi da shi, kuma idan nauyi ya ƙaru, ƙarfin bai ƙaru ba, gudun raguwa zai yi. Shekara goma sha tara yana faɗar wannan a aji guda, mai taga ɗaya da allon da ya dusashe. Ya gaji da ajin nan, gajiya ta gaske, har ba ya ɓoyewa.

Ciwon ajali ya same ta ne ranar da babbar kwaleji ta kira shi ganawar ɗaukar aiki, ƙarfe tara daidai. Don ya nuna musu shi ba ɗan koyo ba ne, sai ya kwaso littattafansa da takardun darasi na shekara goma sha tara, kwali bakwai, ya danƙara a but da kujerar baya. Masu turi kuwa su huɗun nan ne dai, ko mutum ɗaya bai ƙara ba. Maiɗakinsa ta ce, "Malam, yau fa ta yi nauyi." Ya ce a tura kawai, lokaci na tafiya.

Aka tura. Taku goma sha biyu suka ƙare, gudu bai taru ba. Ya saki kuloci, ta yi "kir" sau ɗaya, ta tsaya cak a tsakiyar ƙofa, ginshiƙi ya tokare ƙofar motar ta dama, ginshiƙi ya tokare ta hagu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Malam na ciki da sabuwar riga, gumi na zuba, yana kallon agogon hannunsa. Sai da aka sauke kwalayen ɗaya bayan ɗaya aka zaro shi ta but, ƙafafu a gaba. Lokacin ƙarfe goma ta gota. An ce sannu ba ta hana zuwa. Ranar nan dai ta hana.

Ta rasu ta bar miji ɗaya, da masu turi huɗu masu ciwon baya, da tayar safaya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da bakanike wanda ya san cikinta fiye da cikin gidansa.

Har yanzu gawar tana inda ta faɗi, mutanen gida ta kanta suke hawa su fita. Za a ɗauke ta ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora ta a sikeli. Ana buƙatar majiya ƙarfi tara, wannan karon Malam ya yi lissafin da kyau. Masu ta'aziyya su yi haƙuri, ba za su same shi wajen rakiya ba. Yana da darasi a lokacin, a ajin nan mai taga ɗaya, kan ƙarfi da nauyi.