Yajin Jego a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Binta a Gobarau ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, kaki ya kau, babbar riga ta dawo, ni ma na ɗinka tawa. Alhaji bai riga ya ce ya ba ni ba, ranar zai dube ni ya yanke.

Na biya wajen Malam Sule mai turare a Ƙofar Marusa, ya jera mini kwalabe uku. "Mai lemun nan sanyi gare shi, amma bai daɗewa. Mai furen taushi gare shi. Mai kanumfarin kuwa na dattawa ne, in rana ta buge shi tashi yake da faɗa. Zaɓi guda, ɗana."

Na kwashe duka. (Ai so nake a ce ga mai sanyin hali, ga taushi, ga dattako.) Na shafa lemu, na bi da fure, na rufe da kanumfari. Hancina ya gaji ya daina ji, ni kuwa na ɗauka turaren ne rago, na ƙara zuba.

Da ƙafa na tafi bayan azahar. Lemu ya gudu tun a hanya, fure ya bi shi, suka bar ni da kanumfari da gumi.

Zauren ƙarami ne, babu taga. Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Baba?" Alhaji ya buɗe baki zai amsa, sai atishawa. Yana alhamdu lillahi, ina yarhamukallahu, wata na biyo wata, idonsa har da hawaye. Na ce a raina Binta ta tafi.

Sai ga kakarta ta leƙo. "Wai wa ya haihu ba a hwaɗa mani ba? Yajin jego nike ji!" Ta matso ta shinshina ni. "Au, wanga ne mijin namu? Ku ba shi ita, ko ba komi ta huta da dakan yaji."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, kuma a cikin dariyar nan aka ba ni mata.

Har tsohuwar ta rasu, Yajin Jego take kirana, kuma wallahi ina kewar sunan. Yanzu mai lemu kaɗai nake shafawa, ɗigo guda. Ko shi ma ba na fita sai Binta ta shinshina, don na daina yarda da hancina.