Rasuwar Zigmas Urbutis, Tsohon Ɗan Wasan Agwagin Nemunas

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, Vaida, direbar bas ɗin lantarki mai lamba goma sha uku a birnin Kaunas, tana sanar da 'yan uwa da abokan gasa rasuwar Zigmas Urbutis, ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyarta, Agwagin Nemunas. Ya rasu ranar Asabar da ƙarfe biyar da minti goma na yamma, yana da shekara talatin da tara, bayan doguwar jinyar gwiwa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: bai taɓa taka ƙasa ba. A cikin wasan intanet yake zaune, irin wanda mutum ke riƙe ƙungiya, ya sayi 'yan wasa, ya horar da su, ranar Asabar kuma ya zauna yana karanta yadda wasa ke gudana layi bayan layi. Kowane wata uku shekara ɗaya ce a can. Hotonsa ɗan ƙarami ne, mai faɗin goshi, kuma bai taɓa murmushi ba.

Ba Vaida ce ta raine shi ba. Yayanta Rolandas ne ya tsinto shi yana ɗan shekara goma sha tara, ya horar da shi a ƙungiyarsa, Guguwar Teku, tun daga ɗakin da yake haya kusa da masana'antar kifi a ƙasar Nowe. Kofi biyu Zigmas ya ci masa. Da ya kai talatin da ɗaya, jajayen kibiyoyi suka fara bayyana a gaban sunansa, alamar gudu da tsalle suna raguwa. Rolandas ya kai shi kasuwa, ya rubuta a ƙarƙashin hoton: "Ya tsufa. Ba abin da za a iya yi masa."

A wancan makon ne kuma ya faɗa wa Vaida kusan wannan maganar ta waya, game da mahaifinsu, wanda ta shekara biyu tana ɗagawa tana kwantarwa. Ya ce a kai shi gidan kula da tsofaffi. Ta kashe wayar, ta buɗe kwamfuta, ta sayi Zigmas. Mahaifin ya rasu a cikin hunturun shekarar, a gadonsa. Rolandas ya iso ana rufe kabari, ita kuma ta gaya masa a gaban jama'a cewa shi ai ya riga ya binne tsohon tuntuni. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran wani. Abu ɗaya ya rage a tsakaninsu: ƙungiyoyinsu suna rukuni ɗaya, sau biyu a kowace kaka sukan haɗu, kowa ya ga sunan ɗan uwansa a kan allo.

Marigayin mutum ne mai haƙuri. Duk wanda ya san wasan ya san ba a ɓata horo a kan tsoho, domin abin da matashi zai koya a mako biyu, tsoho sai ya yi goma. Vaida ta ɓata. Ta haƙura da gudunsa da tsallensa, ta tsaya a kan abin da shekaru ba sa saurin ci: miƙa ƙwallo, da jifar kyauta, wadda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta. Ba ta taɓa barinsa ya wuce minti ashirin da huɗu a fili ba. Ta ɗauko masa likita mafi tsada, ta bar matasa biyu masu kyau suka tafi don a samu abin biyansa. 'Yan gasa suka sa wa ƙungiyarta suna Gidan Gajiyayyu, wani ma ya tambaya ko da sanda yake shiga fili.

Bai cika magana ba. Murya ɗaya aka san shi da ita, wata 'yar ƙara, tin, da kwamfuta ke yi ranar Juma'a da safe idan wani abu nasa ya ƙaru. A kaka takwas da ya yi a hannunta, sau goma sha ɗaya ta ji ta. Ta ƙarshe ta zo mata a waya tana tsaye a tashar ƙarshe ta layinta, sai da wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi kafin ta tuna ba ta buɗe ƙofa ba.

Ciwon ajalinsa ya fara mako uku da suka wuce, lokacin da likita ya sa alamar ruwan ɗorawa a gwiwarsa ta hagu. Kakar ba ta yi wa kowa daɗi a gidan ba. Agwagi da Guguwa suka zo wasan ƙarshe da maki iri ɗaya, a gindin teburi, kuma su za su kara. Wanda ya sha kashi zai faɗa rukunin ƙasa. A ƙwallon kwando ba a tashi kunnen doki. Ko ta ci ko a ci ta, daga kaka mai zuwa ba za ta ƙara ganin sunan yayanta a kan allo ba.

Ranar Juma'a sau huɗu tana cire Zigmas daga jerin masu farawa tana mayar da shi. Mahaifiyarsu, Aldona, tana ferar dankali tana kallonta.

"Ki bar wa yayanki mana, auta. Wasa ne."

"Shi ya taɓa bar mini wani abu, Mama?"

"To ki hutar da tsohon naki, tunda kin ce ƙafarsa ba lafiya."

Ba ta hutar da shi ba. Ta kuma cire iyakar minti ashirin da huɗun.

Da aka fara wasa ranar Asabar ƙarfe huɗu, nan take ta gane shirin Rolandas. Duk harin Guguwa ta gefen Zigmas yake bi, ta hagunsa, inda wanda ya raine shi kaɗai ya san ba ya iya juyawa. Layi yana fitowa, wani yana binsa: an wuce Urbutis, an sake wuce Urbutis. Aka tafi hutun rabin lokaci Guguwa tana gaba da goma sha ɗaya. Vaida ba ta da abin yi, domin in an fara ba a sauya shiri. Ta zauna da rigar aiki a jikinta, shayinta ya huce. Sannu a hankali tsohon ya daina gudu, ya koma miƙa ƙwallo, tazarar ta dinga raguwa. Ya wuce minti talatin. Ya wuce talatin da biyar. Alamar gwiwar ta koma ja.

Saura daƙiƙa huɗu, Guguwa saba'in da takwas, Agwagi saba'in da bakwai, allo ya rubuta: an yi wa Urbutis ƙeta, ya faɗi. Layi na gaba ya daɗe bai fito ba. Aldona ta ajiye wuƙa ta zo ta tsaya a bayanta, ita da ba ta taɓa kallo ba. Ya tashi. Jifa ta farko ta shiga. Ta biyu ta taɓa bakin kwando, ta shiga.

Minti goma bayan haka saƙo ya zo daga likita cewa gwiwar ta tafi, ɗan wasan ya bar wasa har abada. Vaida tana cikin karanta shi wayarta ta yi ƙara. Lambar Nowe ce. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Ban zaci zai kai talatin da tara ba," in ji Rolandas.

"Kai ka karya shi, Yaya."

"Ke kika bar shi minti talatin da takwas."

Ba ta musa ba. Tana jin ƙarar injin masana'anta a bayansa, da numfashinsa.

"Me kika dinga yi masa duk tsawon nan?"

"Ba komai. Kullum ina dubawa ne kawai."

Sannan ya ce, "Na sani. Ba ni na zauna da shi ba."

Ba ta tambaye shi wa yake nufi ba.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan wasa goma sha ɗaya, waɗanda babu mai iya miƙa ƙwallo kamarsa a cikinsu, da likita ɗaya da yanzu ba shi da aikin yi. Ya bar uwar riƙonsa, wadda ta tsira a rukuninta kuma ba ta yi murna ba. Ya bar kuma wanda ya raine shi, can a rukunin ƙasa.

Masu kula da wasan suna barin shafin wanda ya yi ritaya kwana takwas kafin su goge shi. Saboda haka za a yi ban kwana da shi ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin girkin Aldona da ke unguwar Šančiai, hawa na uku. Za a buɗe shafin a kan teburi, kowa ya gani, sannan a rufe. Za a ci cepelinai, dunƙulen dankali mai nama a ciki. Ana roƙon 'yan gasa su bar barkwancin sanda a gida, kada kuma a kawo furanni.

Rolandas ya ce zai duba jirgi. Bai ce ya samu ba, Vaida kuma ba ta sake tambaya ba. Ta dai nemi a sauya mata aikin safiyar ranar, domin akwai jirgin da ke sauka sha ɗaya da minti ashirin. Duk wanda ya riga ta isa gidan, ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, Mama ba ta ji sosai. Kada kowa ya tambaye ta dalilin da ya sa ta sayi dankali buhu guda.