Ƙwan da Aka Saya wa Ido

"...da gajiya? Ya idon kuma, amaryata?"

Zakariyya'u ke nan, bakanike a Kakuri, ya biyo ta Unguwar Mu'azu duba kakarsa, Hajiya Asabe. Tun da idanunta suka fara raɗaɗi kamar an watsa musu yashi, tsohuwa ta sa wa ranta makanta ce ta tunkaro. A asibitin ido an ce ta riƙa gasa fatar idon da ɗumi, shi ya sa kullum yake kawo mata dafaffen ƙwai daga wurin mai shayi, don ta naɗe a hankici ta ɗora. Yau yana zama, sai ya hango ɓawo a ƙarƙashin tabarma.

"Ido na nan jiya-i-yau," in ji ta. "Maganinku na banza ne."

"Hajiya, wannan ɓawon fa?"

"Ɓera ne."

"Ɓeran da ke barbaɗa yaji? Ga shi nan a haɓarki."

"To, na ci! Miji marowaci, ba cefane ba ɗinki, ran da ya kawo ƙwai kuma ya ce na ido ne. Ido haƙori gare shi?"

"Ke ɗin kina da shi?"

"Ja'iri! Ni fa ban yarda da likitocin nan ba. Idon da ke zubar da hawaye kamar famfo, shi za a ce ya bushe?"

"Sista Damaris ta asibitin ai ta gaya miki, kina can kina kallon ɗankunnenta. A gindin gashin ido akwai 'yan ƙofofi da mai ke fitowa. Naki sun toshe, man ya daskare, ga kwallin da kike labtawa a kai. In ba mai, hawaye ba ya zama. Inji ma haka yake."

"Idon nawa ne inji? Je ka gyara akwalar motarka."

Ta shiga murza bakin mayafi. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Zakari, kar ka ɓoye mini. Makancewa zan yi?"

Sai ya daina dariya. "A'a, Hajiya. An duba, ganinki lafiya lau. Ɗumi kullum, ki murza a hankali, ki goge. Haƙuri kawai yake so."

Ya zaro ƙwan yau daga aljihu, ya naɗe, ya gwada zafin a bayan hannunsa.

"Rufe ido."

"In rufe ka sace mini goro?"

Amma ta rufe. Ya ɗora mata a kan idon, tana sauke ajiyar zuciya. Da ƙwan ya huce, ta murza yadda ya nuna mata, ta buɗe, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa.

"Yaya?"

"Yashin ya ragu." Ta ƙura masa ido. "Innalillahi! Ashe haka kake da muni? Da wannan hancin na aure ka?"

"In mayar da ƙwan, ki huta da ganina?"

"Taɓa ka gani!" Ta fashe da dariya. "Gobe ma ka kawo, zan ɗora. Ai gara in riƙa ganin abin da nake zagi."